Tuta, Ƙasa da Harshe a Gefen Sunan Mamba: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: yadda ake nuna ƙasar mutum da harshen da yake ji a dandalin intanet inda mutanen ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su tattauna. Wasu masu kula da dandali ne, wasu mambobi ne da abin ya ɗaure wa kai. Mun haɗe masu kama da juna, mun rage wa dogaye tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wani dandali na masu gyaran kayan lantarki, mambobinmu daga ƙasashe kusan talatin suke. Ina so in manna tutar ƙasar kowa a gefen sunansa don a san da wane yare za a yi masa magana. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da raba buƙatarka biyu, domin abu biyu ka zuba a ƙwarya ɗaya. Tuta ƙasa take nunawa, ba ruwanta da harshe. Wanda ya ɗora tutar Suwizalan da me za a yi masa magana? Harsunan ƙasa huɗu gare su: Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da Romansh. Beljiyam uku. Kundin tsarin mulkin Indiya ya lissafa 22. Afirka ta Kudu tana da 12 tun 2023, lokacin da ta ƙara da maganar hannu ta kurame. A Papuwa Nugini kuwa harsunan da ake yi sun haura 800.

In ka juyo ta ɗaya gefen ma haka ne. Larabci harshen hukuma ne a ƙasashe sama da ashirin, to tutar wa za ka ba shi? In ka sa tutar Fotugal a matsayin alamar Fotugis, ka tsallake Brazil mai mutum sama da miliyan 200, ka ɗauki ƙasar da mutanenta miliyan goma ne da 'yan kai. Ka ɗauka ga mambobi biyu, ɗaya da tutar Nijar, ɗaya da ta Najeriya. Na farko ya ga tutar ɗan'uwansa sai ya kakkaryo Turanci, shi kuma ya mayar masa da guntun Faransancin da ya kwaso daga manhajar fassara. Su yi musayar saƙo goma da jiɓin goshi, alhali dukansu da Hausa suka tashi. Da akwai kalma ɗaya, "Hausa", a ƙarƙashin sunan kowannensu, da sun huta. Saboda irin wannan ne W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta daɗe tana cewa kada a sa tuta a madadin harshe.

Ita kanta kalmar "ƙasa" sai ka yanke me kake nufi da ita: inda mutum yake zaune, ko ƙasar da ta ba shi fasfo, ko ƙasar iyayensa. Ga mutum ɗaya amsoshin suna iya zama uku. A dandali irin naka, inda yake zaune shi ne mai amfani, domin wutar gida a Amurka bolt 120 ce, a Japan 100, a mafi yawan Turai da Afirka kuwa 220 zuwa 240. Mai ba da shawarar gyara yana buƙatar sanin haka kafin ya sa wani ya ƙona na'urarsa. Don haka ka rubuta a kan gurbin ɓaro-ɓaro: "Ƙasar da kake zaune". In ka rubuta "Ƙasa" kawai, kowa zai cike yadda ya fahimta, kai kuma ka rasa abin da bayanin yake nufi.

Tambaya: Malamai, na yarda a raba su. Amma a aikace yaya ake gina guraben? Da na bar wa mutane su rubuta da hannu, yanzu ƙasa ɗaya tana da rubutu kala shida.

Amsa: Ai duk wanda ya bar gurbin a buɗe haka zai girba. Wani ya rubuta UK, wani Ingila, wani Britain, wani kuma ya rubuta "duniyar wata". Ba ka iya tacewa, ba ka iya ƙirgawa. Maganin shi ne jerin zaɓi, kuma abin da za ka ajiye a rumbun bayanai gajeriyar alama ce, ba suna ba.

Na ƙasa, ka ɗauki ƙa'idar ISO 3166-1 ta ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya (ISO), wadda aka fara fitar da asalinta a 1974. Tana ba kowace ƙasa ko yanki harafi biyu: NG Najeriya, NE Nijar, GH Gana, EG Masar, DE Jamus, BR Brazil. Guda 249 ne a jerin. Gurbi mai ɗaukar harafi biyu ya isa, kuma ka bar shi ya iya zama babu komai. Amfanin alamar shi ne sau da yawa suna yana canzawa ita tana nan. Swaziland ta koma Eswatini a 2018, alamarta SZ ba ta motsa ba. Masedoniya ta koma Masedoniya ta Arewa a 2019, tana nan a MK. Layi ɗaya za ka gyara a jerin sunaye, ba bayanan mutum dubu ba.

Na harshe, ƙa'idar ita ce BCP 47. Tana amfani da harafi biyu na ISO 639-1 in harshen yana da su, kamar ha Hausa, ar Larabci, sw Swahili, fr Faransanci. Harsunan da ke da harafi biyu ba su kai ɗari biyu ba, don haka sauran sai a koma harafi uku, misali dje na Zabarmanci. Jerin ISO 639-3 mai harafi uku ya ƙunshi harsuna sama da dubu bakwai. Ana iya liƙa wa alamar yanki ko nau'in rubutu: pt-BR Fotugis ɗin Brazil, zh-Hant Sinanci da tsofaffin haruffa, ha-Arab Hausa da ajami. Ka ba gurbin faɗin harafi 35 aƙalla, shi ne abin da takardar ƙa'idar ta ba da shawara. Kada kuma ka yi wa harshe gurbi ɗaya tal a jikin bayanin mamba. Yi masa tebur nasa daban: lambar mamba, alamar harshe, matakin iyawa, da jerin wanda ya fi so. Masu harshe biyu da uku sun fi ƙarfin a kira su tsiraru.

Ga ramukan da aka fi faɗawa. Alamar ƙasa da ta harshe sukan yi kama su yaudari mai rubuta manhaja. NE Nijar ce, amma ne harshen Nepal ne. AR Ajantina ce, ar Larabci. Harshen Suwidin sv ne, SV kuwa El Salbador. Alamar uk ta harshen Yukren ce, ita Birtaniya GB ce. Al'adar ita ce harshe da ƙananan baƙaƙe, ƙasa da manya, amma manhajoji da yawa ba sa bambanta manya da ƙanana, don haka kada ka haɗa su a gurbi ɗaya ka dogara da girman harafi. Sai wasu biyu masu ban dariya in ba kai suka samu ba. Alamar Namibiya NA ce, kuma wasu manhajojin lissafin bayanai irin su pandas da R suna karanta NA a matsayin "babu bayani", sai ka kwashe jerin mambobi ka ga 'yan Namibiya sun ɓace. Alamar Norwe NO ce, kuma a tsohon tsarin YAML, wanda ake rubuta saitin manhajoji da shi, ana karanta ta da ma'anar "a'a" in ba a sa ta cikin alamar zance ba.

Sunayen ƙasashe da harsuna kada ka fassara da kanka. Ƙungiyar Unicode, mai tsara haruffan da na'urori ke amfani da su, tana da rumbu mai suna CLDR da ke ɗauke da su a harsuna masu yawa, har da Hausa, kuma burauzoji na zamani suna ba da irin waɗannan sunaye ta Intl.DisplayNames, sai dai ba kowace burauza ke ɗauke da kowane harshe ba, don haka ka gwada. Ka jera sunayen bayan an fassara, ba kafin ba, in ba haka ba Jamus ta faɗa cikin jerin D saboda alamarta DE. Harsuna kuma ka rubuta kowanne da sunan da masu shi ke kiran sa, Deutsch, Français, Kiswahili, domin wanda ba ya jin harshen shafinka ya gane nasa. Abu na ƙarshe: farkon jerin ya zama fanko. In ka bar ƙasar farko a zaɓe, masu gaggawa za su wuce ba su taɓa ba, ka wayi gari rabin mambobinka 'yan Afganistan ne.

Tambaya: A wayata tutoci suna fitowa ras, amma a kwamfutar ofis sai in ga haruffa biyu kawai. Wata ƙawata kuma da ta sa tuta a bayaninta, alamomin tambaya ne suka fito. Laifin wa?

Amsa: Malama, matsala biyu ce daban-daban. Tutar emoji ba hoto ɗaya ba ce a cikin na'ura. Unicode ta ware haruffa 26 na musamman tun 2010, in aka jera biyu da suka dace da alamar wata ƙasa, na'urar sai ta zana tutar. Android da iPhone suna zanawa. Windows kuwa ba ta zo da zanen tutocin ƙasashe ba, shi ya sa a burauzoji irin su Chrome da Edge haruffan kike gani tsirara. Ba abin da ya lalace. Mai dandalin da yake so kowa ya ga abu ɗaya sai ya yi amfani da hotunan tutoci na SVG, ko ya ɗora wa shafin nasa rubutun emoji.

Alamomin tambayar kuwa daga rumbun bayanai suke. A manhajar rumbun bayanai ta MySQL, tsohon tsarin adana haruffa da ake kira utf8 ba ya ɗaukar harafin da ya wuce bayit uku (bayit awon girman bayani ne), kowane harafin tuta kuma huɗu ne, wato tuta ɗaya takwas. Sai a mayar da tebura da haɗin rumbun duka zuwa utf8mb4. In kuma har ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ma suna lalacewa, to abin ya fi haka tsufa, wataƙila rumbun yana kan wani tsohon tsarin haruffa mai suna latin1. A ɗauki kwafin rumbun kafin a taɓa komai, domin juyi ɗaya da aka yi ba daidai ba yana iya dagula tsofaffin rubuce-rubuce gaba ɗaya.

Tun da ana maganar hoto, tuta mai faɗin fiksel 16 ba abar dogaro ba ce. Ta Chadi da ta Romaniya kusan ɗaya suke ko a kan sanda, balle a allon waya. Haka Indonesiya da Monako. Ta Mali da ta Gini launuka ɗaya ne a juye, haka ta Ayalan da ta Kodibuwa. A sa sunan ƙasar ko alamarta a rubuce kusa da tutar. Dabarar nan ta sai an ɗora linzami suna ya bayyana ba ta aiki a waya. A kuma cike rubutun madadin hoto da sunan ƙasar, don manhajar da ke karanta wa makafi allo ta sami abin faɗa. Kada a matse kowace tuta cikin awo ɗaya: ta Suwizalan da ta Batikan murabba'i ne, ta Nepal ma ba ta da kusurwa huɗu.

Tambaya: Wani dandali da nake ciki yana sa tuta da kansa. Ni ban taɓa zuwa Holan ba, amma tutarta yake manna mini, har wasu suna ce mini maƙaryaci. Yaya aka yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai dandalin ya gani ba, adireshin IP ɗin da saƙonka ya fito ta kansa ya gani, wato lambar da ake gane haɗin na'ura da ita a intanet. Hukumomi biyar ne ke raba waɗannan adireshi a duniya: AFRINIC a Afirka, RIPE NCC a Turai da Gabas ta Tsakiya, ARIN a Arewacin Amurka, APNIC a Asiya da Fasifik, LACNIC a Latin Amurka. Kamfanoni irin su MaxMind da IP2Location suna tattara wannan rajista da wasu alamu su yi jadawalin "wannan rukunin adireshi a ƙasa kaza yake". Dandalin ya duba jadawalin ne ya manna tuta.

Abubuwan da ke karkatar da shi sanannu ne. Na farko VPN, wato manhajar da ke bi da kai ta na'urar wani kamfani kafin ka isa shafi: in akwai shi a kunne a wayarka, ko cikin burauza, ko cikin manhajar riga-kafin ƙwayar cuta, to adireshin uwar garken VPN ɗin ake gani, kuma Holan na cikin ƙasashen da irin waɗannan na'urori suka yi yawa. Na biyu burauzar da ke matse shafi don rage cin data, domin ta kan na'urorin kamfaninta take bi da kai. Na uku intanet ɗin wurin aiki, in kamfanin yana fitar da zirga-zirgarsa ta hedikwatarsa a wata ƙasa. Na huɗu yawo da layin waya: wanda ya tsallaka iyaka da layinsa na gida, sau da yawa datarsa sai ta koma gida kafin ta fita, sai a gan shi a inda ya baro. Intanet na tauraron ɗan'adam ma yakan nuna ƙasar da tashar ƙasa take. Na ƙarshe, ana sayar da rukunan adireshi daga kamfani zuwa kamfani, jadawali kuma ya makara.

Ka gwada haka: kashe VPN, buɗe wata burauzar, sauya daga Wi-Fi zuwa datar waya, ka duba ko tutar ta canza. Wanda ya canza ta shi ne mai laifin. In ba ta canza ba, ka sanar da mai dandalin, domin wataƙila gyaran a wajensa yake. Jadawalin MaxMind na kyauta mai suna GeoLite2 ana sabunta shi akai-akai, wanda ya sauke shi sau ɗaya shekara uku da suka wuce yana aiki ne da tsohuwar taswira. In kuma dandalin yana bayan wata garkuwa irin Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da baƙinsa, dole manhajar ta karanta adireshin baƙo na asali daga bayanan da garkuwar ke turowa, in ba haka ba adireshin garkuwar za ta riƙa dubawa. Cloudflare ma tana turo ƙasar kai tsaye a CF-IPCountry, da XX in ba a sani ba, da T1 in ta hanyar Tor, tsarin ɓoye sawu a intanet, aka zo. Mai manhajar da bai tanadi waɗannan biyun ba zai ga gurbin hoto a fashe.

Ra'ayinmu: adireshin IP ya isa a ce wa sabon mamba "kamar a ƙasa kaza kake, haka ne?" Bai isa a buga wa mutum hatimi a goshi ba.

Tambaya: To amma in mutum ne zai zaɓa da kansa, ai sai 'yan damfara su zaɓi ƙasar da suka ga dama. Ba gara na'ura ta tona su ba?

Amsa: Manya sun gwada. Weibo, dandalin sada zumunta na China, ta fara nuna wurin da masu rubutu suke a 2022, lardi ga na cikin gida, ƙasa ga na waje. X, wato tsohuwar Twitter, ta fara nuna ƙasar da asusu yake a Nuwamban 2025, tare da damar a zaɓi nuna yanki mai faɗi a maimakon ƙasa. Irin wannan yana kama wanda bai shirya ba. Ɗan damfarar da ya san aikinsa kuwa VPN zai kunna ya fito da tutar da yake so, yanzu ma da shaidar na'ura a bayansa. Mai gaskiyar da ke kan intanet ɗin ofis shi ne zai sha zargi. Abin da ya fi shi ne ƙasar IP ta tsaya a idon masu kula da dandali kaɗai. In asusu ya ce yana ƙasa ɗaya, ya shigo daga ƙasashe biyar cikin yini ɗaya, sannan yana tallar kaya, to sun sami dalilin dubawa. Saɓani ɗaya ba hujja ba ce.

Tambaya: Ni mace ce, ina rubutu a wani dandali kan rashin lafiyar da nake fama da ita. Yanzu sun ce dole kowa ya nuna ƙasa da yarensa. Ina da hakkin ƙi?

Amsa: 'Yar'uwa, damuwarki tana kan hanya. Ƙasa ita kaɗai ba ta tona mutum in babba ce. Amma bayanai taruwa suke yi. Ƙasa, da harshen da mutum dubu kaɗan ke yi, da sana'a, da shekaru, da sunan ciwo, in aka haɗa su sau da yawa mutum ɗaya suke nunawa. A ƙasashe irin su Tubalu da Nauru, masu mutum dubu goma da 'yan kai, tutar kaɗai ta kusa zama adireshi. Harshe kuma yakan fallasa ƙabila, wanda a wasu wurare ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ta fuskar doka, ya danganta da inda kike da inda dandalin yake. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, tana hawa kan masu dandalin da ke can, da na waje in suna yi wa mazauna can hidima da niyya. Ta ce a karɓi bayanin da ake buƙata kawai, kuma sashe na 25 ya ce tun farko a saita abu yadda bayanin mutum ba zai bazu ga jama'a ba sai da sa hannunsa. Sashe na 9 ya ba bayanin lafiya da na asalin ƙabila kariya ta musamman. Kotun Tarayyar ma ta yanke a 2016 cewa adireshin IP yana iya zama bayanin mutum. Ƙasashe da yawa sun yi tasu dokar mai kama da wannan. Ki rubuta wa masu dandalin ki tambaye su dalilin tilastawar, ki nemi zaɓin ɓoyewa. In sun ƙi, ki auna ko zaman ya cancanta, kuma kafin ki tafi ki nemi a goge abin da kika riga kika bayar.

Ga masu dandali: ku ba da mataki uku, kowa ya gani, mambobi kawai, ko ba kowa. Ku sa na tsakiya ko na ƙarshe ya zama na farawa, domin abin da baƙo ke gani injin bincike ma yana kwashewa. Ku riƙa jawo ƙasar daga bayanin mamba duk lokacin da za a nuna ta. In kun liƙa ta a jikin kowane rubutu, ranar da ya ɓoye ta za ta ci gaba da leƙowa a tsofaffin saƙonni ɗari biyar.

Tambaya: Ina jin harsuna huɗu amma ba daidai ba. In na lissafa su duka sai a yi ta aiko mini dogon rubutu da wanda gaisuwa kawai na iya. Akwai hanyar nuna mataki?

Amsa: Akwai biyu da aka sani. Wikipedia tana da tsarin Babel: 0 ba ya ji, 1 kaɗan-kaɗan, 2 matsakaici, 3 sosai, 4 kusa da ɗan harshe, 5 na ƙwararren mai aiki da harshen, N kuma harshen uwa. Sai ka ga mutum ya rubuta ha-N, en-3, ar-2, fr-1, an gama magana a layi ɗaya. Na biyu ma'aunin ƙungiyar Council of Europe da aka wallafa a 2001, mai hawa shida daga A1 zuwa C2. Wannan ya fi dacewa da dandalin koyon harshe, inda mutane suka san matakinsu daga jarrabawa. A sauran wurare hawa shida ya yi yawa, mutane cankar amsa suke yi. Uku sun wadatar: ina karantawa, ina iya rubutawa, harshena ne. Rabuwar karatu da rubutu tana da muhimmanci a wurin da komai a rubuce yake, domin akwai mai jin harshe kamar ruwa amma bai taɓa rubuta shi ba, akwai kuma mai karanta shi da boko bai iya da ajami ba.

Masu dandali su lura cewa harshe uku ne ke yawo a nan: harshen maɓallan shafi, harsunan da mamba ke ji, da harshen da aka yi wani rubutu da shi. Burauza tana aiko da jerin fifiko a Accept-Language, kamar "ha, en;q=0.8, fr;q=0.5", inda lambar ke nuna ƙarfin fifiko daga 0 zuwa 1. Yana da amfani wajen zaɓar harshen shafi a ziyarar farko. Amma mutane da yawa ba su taɓa taɓa saitin ba, yadda wayar ta zo haka take, don haka kada a kwafe shi a ce harshen mutum ke nan. Manhajojin gane harshe kuma suna tuntuɓe a gajeren saƙo da wanda aka gauraya harsuna biyu. A bar marubuci ya gyara abin da suka canka.

In an san harshen rubutu, a sa shi a alamar lang ta HTML: da ita manhajar makafi ke zaɓar lafazi, da ita burauza ke bambanta siffar haruffan da Sinanci da Japananci suka yi tarayya a kansu. A sa dir="auto" a akwatin rubutu don Larabci, Farisanci, Urdu da Ibrananci su tashi daga dama. Sunan mamba kuma a naɗe shi cikin alamar bdi ta HTML, wadda ke keɓe alkiblar rubutunsa daga abin da ke kewaye da shi. In ba a yi ba, suna na Larabci da lamba ta biyo shi, misali yawan saƙonninsa, sai ka ga lambar ta tsallaka ta koma ɗaya gefen sunan.

Tambaya: Wani mamba ya yi fushi wai ƙasarsa ba ta cikin jerin, wani kuma wai an rubuta sunan tasa yadda bai yarda ba. Mu masu gyaran rediyo ne, ina ruwanmu da siyasa?

Amsa: Ranar da kuka sa jerin ƙasashe kun shiga, Malam. Majalisar Ɗinkin Duniya mambobi 193 gare ta, jerin ISO kuwa 249, domin ya haɗa da yankuna irin su Hong Kong, Girinlan da Antatika. Kosobo ba ta da alama a hukumance, XK ake ara mata. ISO ta rubuta Taiwan a matsayin lardin China, CLDR kuwa Taiwan kawai ta rubuta, kuma tutarta ba ta fitowa a iPhone ɗin da aka saita yankinsa a babban yankin China. Ingila, Sikotilan da Wales sun sami tutocin emoji a 2017 duk da cewa dukansu GB ne, sannan a 2022 Unicode ta daina karɓar buƙatun sababbin tutoci. Ku sa wa gurbin suna "Ƙasa ko yanki", ku rubuta a dokokinku cewa jerin CLDR kuke bi ba ra'ayinku ba, ku ƙara zaɓin "Wani wuri" da "Ban so in faɗa", saboda 'yan gudun hijira da marasa takardar kowace ƙasa. Sau ɗaya a shekara ku duba hotunan tutocin: Libiya ta canza tata a 2011, Muritaniya ta ƙara jajayen layuka biyu a 2017.

Tambaya: Tun da muka sa tutoci, faɗa ya ƙaru. Mutum ya kawo magana mai ma'ana, sai a bar maganar a koma zagin ƙasarsa. Mu cire?

Amsa: Ku cire ta daga gefen kowane saƙo, ku bar ta a shafin bayanin mamba. Mai buƙatar sanin ƙasar zai danna sunan ya gani, mai neman faɗa kuwa ba a ajiye masa ita a gaban ido ba. A wurin da ta bari ku sa alamun harshe, biyu ko uku na farko. In akwai sashen da ƙasa ke da tasiri, kamar tambayar doka, haraji ko aika kaya, ku sa gurbin ƙasa a jikin tambayar kanta, ta zama "ƙasar da tambayar ta shafa", tun da mutum yana iya zama a wuri ɗaya yana tambaya game da wani. Ku duba kuma yadda manhajarku ke nuna asusun da aka dakatar. Wasu sukan dusashe komai na mamban ko su ja masa jan layi, har da tutar. Tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada, ta Iraƙi da kabbara. Ku saita shi layin ya tsaya a kan sunan kawai, tutar kuma a ɓoye ta.